Kogi Ake Kiwo Kafin Kifi: Darasi daga Masuntan Tirawut na Montana

Gabatarwa

A jihar Montana, can yammacin ƙasar Amurka, akwai wani irin su wanda zai ɗaure wa masuncin Yawuri ko na Baga kai. Mutum zai sayi sandar fatsa mai tsada, ya sa wandon roba har ƙirji, ya shiga kogi mai tsananin sanyi, ya yini yana jefa ƙugiyar da babu ko tana a jikinta, sai ɗan gashin tsuntsu da zare da aka ɗaura mata don ta yi kama da ƙwaro. In ya taki sa'a kifi ya kama, sai ya jawo shi a hankali, ya zare ƙugiyar, ya sake shi ya koma ruwa. Da yamma ya nufi gida hannu rabbana, yana murna. Kifin da ake wa wannan wahala sunansa tirawut, sana'ar kuwa ana iya kiranta su da jabun ƙwaro.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa aikin marasa abin yi ne, kuma ba za a ga laifinsa ba, domin a inda kifi yake mahaɗin tuwo, wasa da shi ba abin yabo ba ne. Duk da haka, a ƙarƙashin wannan wasa akwai darasin kimiyya mai nauyi. Waɗannan masunta, tare da masana halittun ruwa na jiharsu, sun gano ta hanyar ƙidaya da gwaji cewa zuba wa kogi kifi daga waje ba ya ƙara masa kifi, wani lokaci ma rage shi yake yi. Abin da ke ƙara kifi shi ne a kiyaye wa kogin ruwansa da sanyinsa da tsakuwarsa da ƙwarinsa. Wannan maƙala tana goyon bayan wannan ra'ayi, kuma za ta kafa hujja da tarihin kogi guda, wato Madison.

Kogin da kifinsa

Kogin Madison yana farawa ne a cikin gandun dajin Yellowstone, inda ƙananan koguna biyu, Firehole da Gibbon, suka haɗu. Daga nan ya miƙa arewa tsawon mil 183, wato kusan kilomita 295, ya ratsa garin Ennis, har ya haɗu da kogunan Jefferson da Gallatin, su ukun su zama kogin Misuri. Yawancin ruwansa dusar ƙanƙara ce da ke taruwa a kan duwatsu lokacin hunturu, ta riƙa narkewa a hankali idan zafi ya shigo.

Wannan sanyi shi ne ran tirawut. Dalili kuwa, ruwa mai sanyi ya fi ruwa mai ɗumi riƙe iskar oksijin. A daidai tsayin teku, lita guda ta ruwa mai zafin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe kimanin miligiram 11 na oksijin; a digiri 20 sai ya koma 9; a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Daɗin daɗawa, idan ruwa ya yi ɗumi jikin kifi yana ƙara ƙona abinci, don haka bukatarsa ta oksijin tana hauhawa a daidai lokacin da oksijin ɗin ke raguwa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a cikin taɓo. Tirawut ba shi da wannan baiwa. Da zarar ruwa ya wuce digiri 20 ya fara galabaita, in ya daɗe a kusan digiri 25 kuwa mutuwa ce.

Haka kuma haihuwarsa ta dogara ne ga tsakuwa mai tsabta. Macen takan kwanta ta gefe ta share tsakuwa da wutsiyarta har ta yi ɗan rami, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sannan ta rufe. Ƙwayayen sukan yi makonni a ƙarƙashin tsakuwar, suna samun oksijin daga ruwan da ke tsiyaya ta tsakanin duwatsun. Idan zaizayar ƙasa ta kawo laka ta toshe waɗannan ƙofofi, ƙwan sai ya shaƙe. Ke nan, kifin da rayuwarsa ta rataya a kan sanyi da tsabta kamar ma'auni yake: idan ya ragu, akwai abin da ya sami kogin.

Ilimin da ke cikin jefa gashin tsuntsu

Wannan dabara ta su ba sabuwa ba ce. Wani marubucin Rumawa mai suna Aelian ya bayyana, wajen shekara ta 200 Miladiyya, yadda mutanen Masidoniya ke naɗa jan ulu a kan ƙugiya su haɗa da gashin zakara su kama kifi. Abin da ya sa ta cancanci shafukan mujallar kimiyya shi ne ba ta yiwuwa sai da lura.

Na farko, akwai ilimin motsi. A fatsa ta yau da kullum, nauyin dalma ko na tana shi ke jan zare idan an jefa. Jabun ƙwaro kuwa ba shi da nauyin da za a jefa, kamar yadda ba a iya jifa da auduga. Saboda haka sai aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Sandar, wadda tsawonta yakan kai ƙafa 9, tana tanƙwaruwa ta tara ƙarfi, sannan ta miƙe ta tura igiyar gaba kamar bulala, igiyar kuma ta ɗauki ƙwaron ta sauke shi a kan ruwa ba tare da fantsama ba.

Na biyu, akwai ilimin haske. Hausawa kan ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma kimiyya ta gaskata su. Haske yana karkacewa idan ya shiga ruwa daga iska, saboda haka kifi yana hango duk abin da ke waje ta wata zagayayyar taga da ke saman kansa, mai kusurwar kimanin digiri 97. Faɗin tagar ya ɗan ɗara ninki biyu na zurfin da kifin yake: kifin da ke zurfin mita guda tagarsa ta kai kusan mita 2.3. Abin da ke tsaye ƙiƙam a bakin gaɓa yana fitowa sarai a cikinta, abin da ya sunkuya kuwa yakan matse ya dushe a gefenta. Wannan shi ya sa gwanin masunci ke tafiya a duƙe.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, akwai ilimin ƙwari. Babban abincin tirawut na kogi shi ne ƙwarin da ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsu, musamman dangi uku. Akwai wanda za a iya kira ƙwaron kwana ɗaya, Ephemeroptera a bakin masana, wanda yakan yi watanni a ruwa yana tsutsa, amma idan ya yi fiffike ba shi da bakin cin abinci, sai ya hayayyafa ya mutu cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai ƙwaro magini, Trichoptera, wanda tsutsar yawancin ire-irensa ke gina wa kanta ɗan gida da yashi ko tsinkaye. Sai ƙwaron dutse, Plecoptera, wanda babbansa a Madison yakan yi shekara 3 zuwa 4 a ƙarƙashin ruwa, ya kai tsawon ɗan yatsa, sannan ya fito a ƙarshen watan Yuni da farkon Yuli. Fitowar waɗannan ƙwari a lokaci guda ta yi kama da fitowar gina, wadda wasu ke kira shinge, bayan ruwan farkon damina. A irin wannan lokaci kifi yakan zaɓi iri guda ya yi ta ci, ya ƙyale sauran. Masuncin da bai san wane ƙwaro ne ke fitowa ba, da girmansa, da launinsa, zai yini a banza.

Abin lura a nan shi ne waɗannan dangi uku su ne masana a ƙasashe da dama ke ƙirgawa don auna lafiyar ruwa, domin yawancinsu ba sa jure ƙazanta da ƙarancin oksijin. Wato mutumin da ke ɗaga duwatsu don neman abin da zai yaudari kifi da shi, awon ruwa yake yi ko bai sani ba. Idan ƙwarin suka ɓace, shi ne zai fara gani.

Ƙidayar da ta sauya doka

A tsakiyar ƙarni na 20, imanin da hukumomin kifi na Amurka suka riƙe mai sauƙi ne: in ana son kifi a kogi, a ƙyanƙyashe shi a kwatami, a ciyar da shi har ya girma, a loda a mota a juye a ruwa. Jama'a suna son ganin motar, 'yan siyasa suna son hoton, masu shaguna kuma sun yi imani cewa kasuwarsu ta dogara gare ta. Kusan ba wanda ya tsaya ya auna ko abin yana aiki.

A ƙarshen shekarun 1960, wani matashin ma'aikacin hukumar kifi da namun daji ta Montana mai suna Dick Vincent ya shiga ƙirga kifin Madison. Yana amfani da wutar lantarki mai sauƙi da ke sumar da kifi na ɗan lokaci, a kama shi, a auna, a yi masa alama, a sake shi. Bayan 'yan kwanaki a sake komawa a kama. Lissafin da ke bayan wannan kowane ɗalibin sakandare zai iya yin sa. Alal misali, a ce an yi wa kifi 200 alama an sake su. A karo na biyu an kama 150, an tarar 30 daga cikinsu suna da alama. Tun da kashi ɗaya cikin biyar na kamun na biyu ke da alama, to kifin 200 ɗin nan su ne kashi ɗaya cikin biyar na duk kifin wurin, wato jimillarsu kimanin 1,000 ke nan.

Aikin da ya kai shi tun farko shi ne duba tasirin ƙarin ruwan da aka fara saki daga madatsar Hebgen. Sai ya ga wani abin mamaki: a sashen kogin da ba a zuba kifin kwatami, kifi ya ƙaru sosai bayan ƙarin ruwan, amma a sashen da ake kira Varney, inda ake zubawa kowace shekara, ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba. Maimakon ya tsaya ga zato, sai ya nemi a yi gwaji. Daga 1970 aka daina zubawa a Varney. A wani rafi da ke kusa mai suna O'Dell kuma aka yi akasin haka, aka fara zubawa a sashen da ba a zubawa kafin nan. Mutanen Ennis da yawa sun fusata, suna ganin za a kashe musu kogi da kasuwa.

Sakamakon, wanda ya wallafa cikakkensa a 1987, bai bar wurin gardama ba. Shekara 4 bayan daina zubawa a Varney, manyan tirawut masu ruwan ƙasa, wato 'yan shekara 2 zuwa sama, sun fi ninki biyu, masu bakan gizo kuwa sun ninka kusan sau 8. A O'Dell, bayan shekara 3 ana zubawa, kusan rabin manyan kifin da aka haifa a rafin sun ɓace. Tun kafin cikakken rahoton, alƙaluman farko sun isa hujja, kuma a 1974 Montana ta daina zuba kifin kwatami a kogunan da kifi ke hayayyafa da kansa.

Me ya jawo haka? Tirawut ɗan kogi yana da wurin tsayuwarsa, bayan wani dutse inda ruwa ba ya jansa da ƙarfi amma abinci yana wucewa kusa. Kowane kifi ya san matsayinsa a tsakanin maƙwabtansa, don haka faɗa kaɗan ne. Kifin kwatami ya taso cikin cunkoso, bai san wannan tsari ba. Wani masani, Robert Bachman, wanda ya daɗe yana kallon kifi daga kan hasumiya a wani rafi na jihar Fensilbaniya, ya bayyana a 1984 yadda baƙin kifin ke yawo babu tsari suna tsokanar 'yan gida, kowa na ɓarnatar da ƙarfinsa. Yawancin baƙin ba sa daɗewa a raye, amma kafin su mutu sun riga sun wahalar da waɗanda suka tarar. Kogi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, gwargwadon abincinsa da maɓoyarsa. Wanda ya tura tumaki 100 makiyayar da ke ɗaukar 50 bai ƙara dukiya ba.

Ya kamata a lura cewa daina zubawa kaɗai ba shi ne maganin ba. Tun a 1963 jihar ta kafa dokar da ta hana hukumomin gina hanyoyi karkatar da rafuka yadda suka ga dama, a 1969 kuma ta ware wa wasu koguna 12 haƙƙin ruwan da dole a bari a cikinsu saboda kifi. Hankalin da ake zubawa a kwatami sai ya koma ga kogin kansa.

Jarrabawar cutar hajijiya

Wannan ra'ayi ya gamu da babbar jarrabawa a watan Disamba na 1994, lokacin da aka tabbatar da cutar hajijiya a Madison. Wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, Myxobolus cerebralis, wadda Bruno Hofer ya fara bayyanawa a Jamus a 1903, aka kuma gan ta a Amurka a shekarun 1950. Tana cin guringuntsin ƙananan kifi kafin ya zama ƙashi, sai kai da gadon baya su lauje, kifin ya riƙa juyawa yana bin wutsiyarsa har wani abu ya cinye shi ko yunwa ta kashe shi. Sai a 1984 Ken Wolf da Maria Markiw suka nuna cewa ƙwayar tana bukatar gida biyu don cika rayuwarta: kifi, da wata 'yar tsutsa mai suna Tubifex da ke zaune cikin laka. Ɗalibin da ya san yadda tsargiya ke bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta shiga mutum ya riga ya fahimci tsarin.

A wasu sassan kogin, tirawut mai bakan gizo ya faɗo daga kimanin 3,300 a kowane mil zuwa kimanin 300, hasarar kashi 90 cikin 100. Mai ruwan ƙasa, wanda asalinsa Turai ne inda cutar ta fito, bai jigata haka ba, domin kakanninsa sun daɗe da ita. Hanya mafi sauƙi a lokacin ita ce a dawo da motar kwatami. Montana ba ta yi haka ba, alhali a jihar Kolorado zuba kifin kwatami masu ɗauke da ƙwayar yana cikin abin da ya yaɗa ta. A shekarun 2000 masu bakan gizo na Madison suka farfaɗo sosai daga 'ya'yan waɗanda suka tsira, masana kuma suka sami alamun cewa wasu zuriyoyin kifin jihar sun ƙara juriya ga cutar. Wannan zaɓin yanayi ne da ake karantawa a littafin ilimin halittu, ya auku a gaban idon jama'a cikin shekaru kaɗan. Da an cika kogin da baƙi, da an dagula wannan gado.

Abin da masu suka ke cewa

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjoji masu ƙarfi.

Suka ta farko ita ce ta tausayi: ina amfanin huda bakin dabba don nishaɗi kawai? Gaskiya ne kifin yana wahala, kuma wani kaso yana mutuwa bayan an sake shi. Bincike ya nuna kason ya fi ƙanƙanta da jabun ƙwaro a kan tana, domin kifi yakan haɗiye tana har ciki, ƙwaron kuwa yakan maƙale a leɓe. Masu sanin ya kamata suna danne ƙayar ƙugiya, su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, kuma ba sa daɗewa da shi a iska. Wannan yana rage illar, bai kawar da ita ba. Abin da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli shi ne waɗannan mutane su ne ke biyan kuɗin kiwon kogin. Ban da kuɗin lasisi, tun 1950 Amurka ke karɓar haraji na musamman a kan kayan su, tana raba wa jihohi don aikin kifi. Kogin da ba shi da masoya masu zuwa kullum ba shi da mai yi masa kuka ranar da aka zo karkatar da shi.

Suka ta biyu ta fi zafi. Kifin da ake alfahari da shi a Madison ba ɗan asalin kogin ba ne. Mai ruwan ƙasa daga Jamus aka kawo ƙwansa Amurka a 1883, mai bakan gizo kuwa daga kogunan da ke gangara tekun Fasifik aka ɗauko shi. 'Yan asalin wurin, wato tirawut mai jan maƙogwaro da wani kifi mai dogon fiffiken baya da ake kira girelin, baƙin nan ne, tare da lalacewar muhalli, suka kore su zuwa ƙananan rafuka. A tafkin Yellowstone ma an ga irin wannan: a 1994 aka tabbatar da wani baƙon tirawut na tafki mai cin 'yan'uwansa. Masu jan maƙogwaro da ke hawa wani rafi guda don haihuwa, waɗanda suka haura 70,000 a 1978, suka koma 'yan ɗaruruwa a tsakiyar shekarun 2000, abin ya shafi har namun daji da tsuntsaye masu cin kifi. An kwashe miliyoyin baƙin da taru, kuma aikin bai ƙare ba. Wannan suka gaskiya ce, amma in an duba, ƙarfafa hujjar maƙalar nan take yi: duk waɗannan matsaloli daga zuba kifi ba tare da awo ba suka taso. Gyara yana yiwuwa, kamar yadda aka mayar da mai jan maƙogwaro cikin kusan kilomita 100 na rafin Cherry da ke shiga Madison, sai dai ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Rigakafi ya fi magani.

Suka ta uku ta manoma ce da makiyaya, waɗanda ke bukatar ruwan nan don ban ruwan ciyawa a daidai lokacin da kifi ke bukatarsa. Ba daidai ba ne a raina wannan kuka, domin abincin iyali ya fi nishaɗin baƙo. Amma an ga hanya a kogin Big Hole na jihar, inda tun 1995 makiyaya da masunta da hukuma suka kafa kwamiti guda. Idan ruwa ya ja baya zuwa wani ma'auni da aka amince da shi, makiyaya su rage ɗiba don kansu, masunta kuma su ajiye sanda. Kowa ya ɗanɗana asara kaɗan don kada kogin ya yi babba.

Barazanar da kwatami ba zai magance ba

Babban abin da ke gaban waɗannan koguna yanzu shi ne ɗumamar yanayi. Dusar ƙanƙara tana narkewa da wuri, ruwa yana ƙaranci yana ɗumi a ƙarshen lokacin zafi. Montana tana da ƙa'idar da ake wa laƙabi da dokar kukan mujiya: idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana 3 a jere, hukuma na iya hana su daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare, domin kifin da ya riga ya galabaita ba zai jure kokawa da ƙugiya ba. A watan Agusta na 2016 an rufe mil 183 na kogin Yellowstone baki ɗaya, bayan wata cutar ƙoda da ɗumin ruwa ke tsanantawa ta kashe dubban kifi. A ƙarshen Nuwamba na 2021 kuma wata ƙofar madatsar Hebgen ta lalace, ruwan Madison ya janye cikin awoyi, mutanen gari suka fito da bokitai suna tsintar kifi daga busassun kwazazzabai suna mayarwa ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da motar kifi za ta warkar. Inuwar itatuwan bakin gaɓa, da ruwan da aka bari yana gudu, da haƙurin masunta, su ne magani.

Abin da ya shafi ɗalibi da malami

Babu tirawut a Rima ko Haɗejiya, kuma ba a cewa kowa ya kama kifi ya sake shi. Kiwon tarwaɗa a kwatami sana'a ce mai kyau, Montana ma har yanzu tana zuba kifi a tafkuna da madatsun ruwa inda ba ya iya hayayyafa. Abin da ke ƙetare teku shi ne ƙa'idar. Ƙasar Hausa ma ta san wani ɓangare nata tun da daɗewa: a Argungu, al'ada ta hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma wannan hutu yana cikin abin da ke sa a fito da manyan giwan ruwa. Haka nan masuntan fadamun Haɗejiya da Nguru sun ga yadda kifi ya ragu bayan madatsun Tiga da Chalawa sun sauya ambaliyar da kifi ke haihuwa a cikinta. Abin da Madison ya ƙara a kan wannan sani shi ne alƙalami da takarda: a ƙirga kafin a yanke hukunci, a ware wurin gwaji da wurin kwatanci, a kuma karɓi sakamako ko da ya saɓa wa son zuciya.

Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Ajin ilimin halittu zai iya zaɓar wurare biyu a rafi guda, ɗaya sama da gari ɗaya ƙasa da shi, a ɗaga duwatsu 10 a kowane wuri, a wanke abin da ke jikinsu cikin farin faranti, a ƙirga ire-iren halittun da aka gani, a auna zafin ruwa da safe da kuma azahar, a rubuta. Wajibi ne a sa takalmin roba da safar hannu saboda tsargiya, kuma malami ya kasance a wurin. Idan makaranta ta maimaita wannan kowace shekara a wata guda, cikin shekara 10 za ta mallaki tarihin rafinta a rubuce, irin wanda zai iya tsayawa a gaban hukuma.

Kammalawa

A taƙaice, darajar su da jabun ƙwaro tana cikin irin idon da yake koya wa mai yin sa. Ya tilasta masa ya san ƙwaro da sunansa, ya san zafin ruwa, ya san inda kifi ke haihuwa don kada ya taka. Da irin wannan ido, da kuma ƙidayar ma'aikaci guda da ya jure fushin gari, jiha guda ta bar abin da ta saba, ta sami kifin da ya fi na da yawa. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk hukumar da aka zo mata da shawarar zuba kifi a wani ruwa, kafin ta sa hannu, ya kamata ta tambayi abu uku: nawa ne a ciki yanzu, me ya rage su, kuma wa zai dawo ya ƙirga baɗi.